Zakaran tela da kajina

Shekarun farko bayan samun ƴancin kai aka kawo maigidana Yamai ya koyar a lakwal, wato makarantar boko, muka kama ɗaki biyu a Zongo. Na taho daga Dogondutsi da kaji uku a cikin kwando, duk mata. Maigidan ya ce ba za mu ajiye zakara ba, kada cararsa ta haɗa mu da maƙwabta, mu da muke baƙi. Ban musa ba, amma na san ƙwan da ba zakara sai dai a soya.

Bayan katangarmu akwai wani dattijo tela, mutumin Maradi, mai wani jan zakara mai tsayin wuya. Da hantsi, idan na watsa hatsi, sai zakaran ya tsallako ya ci, ya yi ta kewaya kajina yana jan fiffike a ƙasa. Ban taɓa korarsa ba. Har dusa nake ƙara masa.

Da baƙar kazata ta fara kwanci, na bar mata ƙwanta a akurki ban gaya wa kowa ba. Wata safiya ina wanke-wanke na ji ƙaramin kuka, na leƙa, sai ga ƴan tsaki sun cika ƙarƙashinta. Maigida ya tsaya kansu da littattafai a hammata.

"To waɗannan kuma daga ina?"

Na nuna masa katanga da baki. Ya yi dariya har ya kusa makara.

Da yamma tela ya yi sallama, tsinken zare na maƙale a rigarsa. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon ƴan tsakin.

"Ɗiyata, wannan jan wuyan na gidanmu ne. Ashe aure aka ɗaura ba a gayyace ni ba."

"Baba, ango ne ya kawo kansa," na ce.

Tun daga ranar ya daina kirana matar mushe, yadda ake ce wa matar malamin lakwal, sai surukarsa. Ranar Sallah ya aiko mana da nama, mu kuma da Nowel, bikinmu na Kirsimeti, muka kai masa shinkafa da miya. Da aka haifi ɗana na fari, shi ya ɗinka masa riga, ya kawo ta da kansa a naɗe cikin takarda.