Sakainun Adda Saude

A Tozai, in an ce kuliyoyi, to Adda Saude ake nufi. Matar marigayi yayana Illo ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai kuliyoyi tara da take kiwo, kowace da sunanta, kowace da sakainar da take sha a ciki. Duk mai rumbu a unguwarmu yakan aike mata ludayin nono da safe, ita kuma ta saki kuliyoyin su tsare mana gero daga ɓera.

A shekara ta biyu da aka yi fari, ba ruwan sama, abin da ya rage a rumbuna irin shuka ne kawai. Lokacin ne wata kyanwa mai suna Baƙa ta fara ramewa, bakinta ya yi gyambo, ido na ta ruwa. Adda ta ware ta a bayan ɗaki ita kaɗai.

Ni Labbo, Allah Ya yi ni da saurin baki. Na ga kyanwa ta rame, Adda kuwa tana tafiya da ƙafarta, shi ke nan na yanke hukunci. A bakin rijiya, gaban mata, na ce, "Adda, muna hana ɗiyanmu nono don mussoshi, ashe ke ka shanyewa!"

Ta dube ni ta ce, "Labbo, ni kaka hwaɗa ma hakanga?"

Na sa aka riƙa kawo nonon zaurena, a juye a kasko ɗaya, duka taran su sha a kan idona, har da Baƙa, tunda a ganina yunwa ce ciwonta.

"Kak ka gama su," in ji Adda. "Mai ciwo ba ta shan wuri guda da masu lahiya."

Na yi dariya, na ce tsohuwa ta ga samu zai kuɓuce mata.

Kafin rani ya ƙare, ɗaya bayan ɗaya suka soma lalacewa. Da malamin dabbobi ya zo daga Isa duba shanu, Adda ta naɗo guda a zane ta kai masa. Ya buɗe bakinta, ya ce ga alama ƙwayar cuta ce mai karya garkuwar jikin kyanwa, har mura ma ta kayar da ita. Ba ta kama mutum, ba ta da magani, kuma ta yawu take bi.

"Wa yag gama musu wurin sha?" ya tambaya.

Ina tsaye a wurin, jama'a kewaye. Adda ta ce, "Ni ta, Malam. Tsuhwa tas sa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma bakin nan nawa mai sauri ya ƙi buɗewa.

Kuliyoyi suka ƙare, ɓera ya shiga rumbuna ya bar mini ƙaiƙayi. Da ruwa ya sauka, Adda ce ta kawo mini iri a gora, nata na kanta da ta toshe da toka. Da shi na yi shuka.

Ta rasu bayan shekara uku. Kullum ina cewa gobe zan koma bakin rijiyar nan in janye maganata, ban koma ba. Jiya na ji jikata Jamilatu na tsokanar ƙawarta mai kwaɗayi, tana ce mata, "Saude mai shanye nonon mussa!"