Littattafai Ukun da Na Tsallake Wa Yayana

Shekarun baya, ina riƙe da wani ra'ayi da ban taɓa tuhumarsa ba: cewa faɗin gaskiya a kan littafi ba ya cutar da kowa, tun da littafi takarda ce, ba ta jin zafi. Da wannan ra'ayi na yi karatun adabi a jami'a, da shi kuma nake koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗi da ke unguwar Louis a birnin Libreville, jan biro kullum a aljihun gaba.

Yayana ne ya kawo ni Libreville. Shi bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Allo ya yi a Maradi, ya bi mota tun yana saurayi, har ya zama direban kamiyon da ke ɗauko gungumen katako daga daji zuwa tashar jiragen ruwa ta Owendo. Da gumin wannan tuƙi na yi karatu, shi ya sa har furfura ta fara fito mini bai daina kirana ɗan lakwal ba. Wata rana ana sauke kaya sarƙa ta tsinke, gungume ya gangaro ya same shi a baya. Ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake jin komai ba. Matarsa ta riga ta rasu, ƴaƴansa suna can gida, don haka da aka sallame shi daga asibiti muka kawo shi gidana a unguwar Plaine Orety. Na yi wa kaina alkawarin cewa a wurina zai zauna iyakar kwanansa. Ba ni da wani abin da zan saka masa da shi sai wannan.

Ga mutumin da ya saba da hanya, kwanciyar ta fi ciwon cin rai. Matata ke juya shi, ta ba shi abinci, ta wanke zannuwan gado. Ni nawa shi ne wanka kafin in fita da kuma bayan na dawo. Sauran yinin sai kallon silin da sauraren ruwan sama a kan kwano.

Ɗiyata, haifaffiyar nan, tana tara littattafan zanen nan na Japan da ake kira manga, wani dogon labarin faɗa da aka fassara zuwa Faransanci, littattafai sun cika kanta biyu kuma bai ƙare ba. Wata rana ta manta ɗaya a kan gadonsa. Na dawo daga aiki na tarar yana juya shi.

"Ɗan lakwal, zo ka gani," in ji shi. "Mutanen nan suna da hankali, daga dama suke farawa kamar mu. Wannan mai gashi a tsaye, me yake cewa?"

Na fassara masa shafin don in sallame shi. Ya ce in ci gaba. Haka muka soma. Kowace rana bayan la'asar zan ja kujera, in buɗe littafin yadda zai ga hotuna, in riƙa juya Faransancin zuwa Hausa, har da kwaikwayon murya. Ni da nake hana ɗalibai shigowa aji da irin waɗannan littattafai, sai ga ni ina gurnanin dodo a gaban gado.

Jarumin labarin bai taɓa burge shi ba. "Yaron nan surutu ya yi masa yawa, da yaron motata ne da tuni na sauke shi a hanya." Nasa gwanin wani ƙato ne mai gatari, abokin tafiyar jarumin, marar magana, wanda kullum shi ke ɗaukar kayan kowa. Yayana ya raɗa masa suna Ɗan Dako. In muka gama littafi sai gardama: ni in ce marubucin ya yi son kai a nan, ya yi ragwanci a can, shi ya ce, "Kai dai ba ka taɓa cin abinci ka yi shiru ba, sai ka nemo tsakuwa." Gardamar nan tana yi masa daɗi. A nan kaɗai nake jin tsohuwar dariyarsa.

Ina karanta littattafan tun kafin in kawo masa, don fassarar ta zo mini da sauƙi. Da haka na riga shi isa wurin da Ɗan Dako ya tsare wata gada shi kaɗai don abokansa su tsira, aka karya masa baya. Daga nan marubucin ya ajiye yaƙin gaba ɗaya. Littattafai uku cur ya ba wa ƙaton nan yana kwance a wata bukka, wata tsohuwa tana ba shi abinci a baki, yana zaginta, yana ƙoƙarin ɗaga kofi kofin yana faɗuwa. Na rufe na ukun na yanke shawarar cewa ba zan karanta masa wannan ba. Washegari na ɗauko wanda ke biye da su, na ce Ɗan Dako ya ji rauni ya tsaya jinya, na ci gaba da yaƙi.

Ya bar ni na yi shafi biyar, sannan ya ce in juyo masa bayan littafin.

"Jiya talatin da ɗaya muka gama. Wannan talatin da biyar ne. Ban yi lakwal ba, amma shekara nawa ina karanta lambar mota. Ina ukun?"

Da na ce masa, Yaya, tsoro na ji kada su taɓa maka zuciya, da maganar ta ƙare a nan. Amma na san ya tsani a tausaya masa, ni kuma na ji kunyar an kama ni. Sai na gudu zuwa inda na fi ƙarfi. Na gyara zama kamar a aji. Na ce waɗannan ukun su ne mafi rauni a labarin duka. Na ce marubucin ya rasa inda zai nufa, shi ya sa yake jan lokaci. Na ce labarin faɗa da motsi yake rayuwa, in motsi ya tsaya ya mutu. Maganar ta yi mini daɗi a baki, kuma abin da ya fi muni, na yarda da ita. Ban san lokacin da na manta wa nake yi wa bayani ba.

"Mutumin da an riga an san ba zai sake tashi ba," na ce, "me ya sa za a ɓata littafi uku a kansa? Da marubucin ya bar shi ya mutu a kan gadar nan, da ya fi masa daraja, da kowa ma ya huta."

Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa.

Bai ɓata fuska ba. Ya ɗan jinjina kai, irin yadda yake yi in makanike ya gaya masa gaskiyar injin.

"Yaya, a kan littafi nake magana."

"Na sani, ɗan lakwal. Kawo mini su in ga hotunan."

Na kawo. Na ce in fassara, ya ce a'a, in je in huta. Kwana huɗu littattafan suna kan ƙirjinsa, yana juya su a hankali, bai tambaye ni ko kalma ɗaya ba. A rana ta biyar, bayan na yi masa wanka, ya ce yana so a mayar da shi gida Maradi, wurin ƙanwarmu da ƴaƴansa.

Na roƙe shi. Na ce a nan likita ya fi kusa, na ce bakina ne ya zarce, ya yafe mini. Ya saurare ni har na gama.

"Ka daina wannan kukan, ba ya yi maka kyau," ya ce. "Buɗe na farkon. Dubi tsohuwar nan. Ka ga yadda take tsaye? To buɗe na ukun."

Na buɗe. A na farko tana riƙe da kwano da hannu biyu, a miƙe take. A na uku hannu ɗaya ke riƙe da kwanon, ɗayan yana dafe da ƙugunta, kuma an zana wuyanta ya rame. Ni da na karanta kowace kalma, ban ga wannan ba.

"Kai ka ce ba abin da ke faruwa a ciki," ya ce. "Ga abin da ke faruwa nan. Mai zanen nan ya taɓa jinya, ko an taɓa jinyarsa. Yaushe rabonka da ka dubi matarka in ta tashi daga bakin gadon nan? A can mata huɗu ne za su karɓa wa juna. A nan ita kaɗai ce, kuma ba za ta taɓa faɗa ba."

Matata da ta ji ta yi kuka, ta rantse ba ta gaji ba. Ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, bai canja magana ba. Abokansa direbobi na Owendo suka taimaka aka shirya tafiyar, na raka shi a jirgi har Yamai, daga nan mota zuwa Maradi. Da zan juyo ya riƙe hannuna ya ce, "In Ɗan Dako ya tashi ka bugo ka gaya mini. In bai tashi ba ma ka gaya mini, kada ka tsallake."

Ya rasu bayan shekara ɗaya da wata biyu. Ina aji lokacin da aka bugo.

Har yau ban san mene ne ya mayar da shi gida ba, hannun tsohuwar nan ko bakina. Ya ce hannun ne, kuma yayana ba maƙaryaci ba ne, amma mutum ne da ya saba ɗauke wa ƙanensa kaya ba tare da ya faɗa ba. Na sake karanta littattafan uku sau da yawa. In zan yi gaskiya, har yanzu ina ganin sun yi tsawo, kuma zan iya kawo hujja. Abin da na kasa shi ne gano amfanin hujjar. Na iya auna labari, na kasa duba wanda ke saurarensa, alhali tazarar da ke tsakaninmu ba ta wuce faɗin kujera ba.

Akwai wata tambaya da na shekara goma sha wani abu ina yi wa ɗalibaina a jarrabawar ƙarshen zango: wane ɓangare na wannan labari ne za a iya cirewa ba a yi asarar komai ba? Tun daga waccan shekara ban sake yin ta ba.