Rigar Kirsimetin Rifkatu

Ban taɓa mantawa da ranar da muka ɗauki 'yan aji ɗaya a watan Satumba na 1976 ba, shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Ku da kuka fara aiki yanzu, kun tarar da kowace uwa tana zuwa da takardar haihuwa. A lokacinmu, mai wannan takarda sai ɗan malami ko ɗan ma'aikacin jirgi.

Ni lebura ce a wata firamare da ke bayan layin dogo a Kafanchan. Aikina shara, cika randuna, da buga ƙararrawa, wato guntun ƙarfen dogo da aka rataye a bishiyar mangwaro. Ban taɓa zama a aji ba, ko albashi da yatsa nake dangwalawa. Amma na haifi bakwai, na yi rainon na wasu, kuma abu ba ya wuce ni. Malamai ma in sun hango ni sukan gyara tsayuwa.

Dokar ita ce sai mai shekara shida. Tunda babu takarda, ga yadda ake ganewa: yaro ya tsaya sak, ya ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta tsakiyar kai, ya kamo kunnen hagu. In ya kama, a rubuta sunansa. In bai kama ba, sai baɗi. Hedimasta Malam Yohanna ne a tebur da rajista, a gefensa wani sufeto da ya zo daga ofishin ilimi a kan babur. Ni aka ba ni layi.

Ranar na ga dabara iri-iri. Wasu iyaye sun kwana suna koya wa yara karkatar da kai, wasu kuma a zagaya da hannu ta ƙeya. Wata mai ƙosai ta kawo wanda ko warin nono bai bar shi ba.

"Mama Saratu, shi ya kai fa!"

Na ce, "Ya kai goyo. Ɗauki abinki."

Wajen ƙarfe goma layi ya kawo kan wata yarinya, Rifkatu. Na san iyayenta a coci. Uban, Bulus, manomin citta ne, uwar kuma Asabe. Tun ranar Lahadi Asabe ta ja ni gefe ta gaya mini damuwarta. Ƙanwar mijinta da ke Kaduna tana neman 'yar raino, Bulus kuwa ya amsa. Da ƙyar ta roƙe shi a fara gwada makaranta. Ya ce ya yarda, amma in ba a ɗauka ba, jirgin Laraba zai tafi da ita. Kun san yarinyar da ta tafi raino ba ta dawowa aji.

An ci mata ado kuwa. Jar riga mai furanni, ga kitson zare a tsaye a kanta kamar ƙahon bunsuru. Ta ɗaga hannu, yatsu suka tsaya saman kunne. Ta sake, haka. Na uku har da ɗage ƙafa.

Sufeto ya ce, "Baɗi."

Asabe ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, yarinya na ya kai bakwai. Lokacin yaƙi na haife shi, soja suna wucewa a jirgi."

Ya ce, "Tun safe kowa lokacin yaƙi ya haifi nasa. Na gaba!"

Bulus ya kakkaɓe hularsa ya ce wa matarsa, "To, kin gani. Mu je."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, leɓe kawai ta ciza. A nan na ga bakinta. Ta yi famfara tuni, sababbin haƙora biyu manya sun fito a gaba. Na bar layi na matso.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a dubi bakinta. Ɗan shekara biyar ba ya da wannan haƙori."

Ya kalli hedimasta. "Wace ce wannan?"

Malam Yohanna yana ta ƙifta mini ido in yi shiru. Ya ce, "Mai ƙararrawa ce, ranka ya daɗe."

Sufeto ya ce, "Mama, takardar da aka ba ni ba ta ce haƙori ba. Kunne ta ce. Je ki kula da ƙararrawarki."

Na ji zafin maganar, amma mutumin bai yi ƙarya ba, abin da aka aiko shi da shi ke nan. Na koma gefe ina ta juya abin a raina. Sai na tuna duk sa'ad da ta ɗaga hannu, bakin rigar yakan tashi har saman gwiwa, kafaɗar kuma ta maƙale. Na san rigar nan. Ta Kirsimetin bara waccan ce, na gan ta da ita a coci. Ita ce mai kyaunta, shi ya sa uwar ta cusa ta a ciki.

Har sun kai bakin ƙofa na daka musu tsawa. "Bulus! A rana haka za ka tafi da yarinya ba ta sha ruwa ba?"

Ya tsaya, don ya san ni. Na ja uwa da 'ya bayan randuna, na kwance rezar da nake fiƙe wa yara fensir daga bakin zanena, na farke ɗinkin hammata.

Asabe ta dafe ƙirji. "Wayyo Mama, rigan Kirsimeti!"

Na ce, "Riga kike so ko makaranta? Warware mini wannan ƙahon da kika dasa mata."

Ban shigar da ita layi a ɓoye ba, ni ba na aikin ɓoye. Gaban tebur na kai ta, na ɗaga hannunta na nuna wa sufeto inda na farke.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗazu tela ka gwada. Yanzu ga yarinya."

Ya dubi hammatar rigar, ya dube ni. Gumi ya karyo wa hedimasta. Can sufeto ya ce, "Ɗaga."

Rifkatu ta ɗaga hannu, ya bi ta tsakiyar kai, ta cafke kunne caraf. Aka ce ta saki, ta ƙi. Tana riƙe da shi ta faɗi sunanta, tana riƙe da shi aka rubuta. Sufeto ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce a kira duk wanda aka kora da safe in yana kusa, mai matsattsiyar riga a kai wa Mama. Ranar rezata ta sha aiki. Wasu sun kama, wasu ko tsirara aka yi musu ba za su kama ba. Ɗan mai ƙosai ma ya dawo, na sake kora shi.

Bulus ya tsaya yana sosa kai. "Mama, Kaduna fa? Me zan aika musu?"

Na ce, "Aika musu citta."

A makon nan na bi gida-gida da allura na mayar da duk abin da na farke, don ba na barin aiki rabi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Kada ku raina doka, ita ta hana a mayar mana da aji ɗakin raino. Amma wanda ya rubuta ta yana ofis, bai ga rigar ba. Ku da kuke tsaye kusa da yaro, ku aka ɗauka ku gani. In kuma kun gani, ku faɗa a gaban babba, ko da ya tura ku buga ƙararrawa.

Rifkatu ta gama, ta yi kwalejin horon malamai, yanzu tana koyarwa a Zonkwa. Duk Kirsimeti sai ta aiko mini da riga, hannun kuwa mutum biyu za su shiga. Na aika mata ta daina ɓarnar yadi. Ta ce a gaya wa Mama, ba a san ranar da sufeto zai dawo ba.