Agogon da Na Kankare wa Tsufa

Bana ruwa ya cinye mana shinkafar damina tun ba ta fid da kai ba. Kogi ya hau fadamar Kaoje, da ya janye bai bar mana komai ba sai laka. Abin da ya rage mini shi ne noman rani, shi kuwa sai da injin ban-ruwa da iri da taki da mai, ni ko ɗaya ba ni da shi. Abin da nake da shi babur ne na kabu-kabu, da matata Dije, da 'ya'ya huɗu, da gonar da mahaifina ya bari. Baffana ya riga ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye, in lokacin dashe ya yi ban shirya ba, zai ba wani aron gonar. A cikin wannan ƙunci ne na tafka wautar da ta dawo mini da muryar kakata, ita da ta daɗe a ƙasa.

Kaka sana'arta gumi, wato turara shinkafa kafin a kai ta sussuka. Bayan an ci tuwon magariba takan hura wuta a ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, mu jikoki mu kewaye murhun muna shaƙar ƙamshin tururi. Ba don Allah muke zama ba, gaskiya, don ƙanzon da take ba mu ne. Ni take kira mijinta, ta ce ba ta taɓa ganin miji marowaci irina ba, ko goro ɗaya bai taɓa kawo mata ba. In za ta fara tatsuniya sai ta ƙwanƙwasa bakin tukunya da muciya.

"Ku ba ni kunnuwa, ku aje bakuna waje. Sahabi, kai nika nuhi."

Tatsuniyar da ta fi yi mana ta wata yarinya ce, Ta-Kogi. Uwarta baƙuwa ce a garin, an auro ta daga tsallaken ruwa. Shekarar yunwa ta zo, uwar ta kwanta ciwon ajali, sai ta jawo wata tsohuwar ƙwarya daga ƙarƙashin gado. Hayaƙi ya mayar da ita baƙa ƙirin, ta tsage wuri uku, an ɗinke ta da zare. Ta ce wa 'yar ta haye kogi ta nemi danginta, ta nuna musu wannan, za su san ta.

Ta-Kogi ta kama hanya. A bakin ruwa ta tarar da 'yan mata da fararen ƙore, suka dube ta suka kwashe da dariya. Kunya ta kama ta. Ta ce yaya za ta shiga gidan kakanninta da wannan ƙazanta? Ta zauna ta dirje ƙwaryar da yashi, ta kankare ta da wuƙa, ta tsinke tsohon zaren ta sa sabo, har ƙwarya ta yi fari tas. Da ta isa garin, aka kai ta gaban wata tsohuwa makauniya, ita ce ta haifi uwarta. Tsohuwa ta karɓi ƙwarya tana shafawa, tana neman ɗinkin da ta yi da hannunta ranar da za a kai 'yarta gidan miji.

A nan Kaka takan rage murya, ta rufe ido, ta shafa iska da yatsu.

"Tac ce, wagga ƙwaryar kasuwa ta. Ɗiyata ba ta aiko kowa ba. Ku ba ta ruwa ta sha ta wuce."

Mu sai mu yi ta ihu, mu ce a'a Kaka, ta faɗa musu sunan uwarta mana! Sai ta ce shekarar yunwa ce, kowa ya iya faɗin suna. Ba ta taɓa sassauta ƙarshen ba ko sau ɗaya, duk da kukan da ƙanwata take yi. Mu a lokacin abin da muka ɗauka shi ne yaro ya bi maganar uwarsa, shi ke nan. Muka ci ƙanzo muka manta.

To, ga yadda tawa ta kasance. Watannin baya na taɓa ɗauko wani fasinja daga kan iyaka zuwa Bagudo, Alhaji Ɗanjumma, ɗan kasuwa daga Birnin Kebbi. A hanya ya nuna mini hotunan wasu agoguna a wayarsa, ya ce na Turawan da ne, in na ga irinsu wurin masu gwanjo in kira shi, akwai masu sayensu da tsada a waje. Na riƙe lambarsa ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Bayan ambaliya, wata ranar kasuwa na kai wani tsallake cikin Benin, sai idona ya faɗa kan tiren wani mai kayan Kwatano. Ga shi nan kwance tsakanin tabarau da makullai, irin na hoton sak. Na ɗaga na ji nauyi. Gilashinsa duk zane, fuskarsa ta yi ja-ja kamar ruwan shayi, sarƙarsa ta saki, ba ya ko motsi.

Mai tiren ba wawa ba ne, ya ga na kasa ajiye shi. Kuɗin da ya tsaya a kai kuɗin babur ne. Na kwana biyu ina juya abin. In na sayar da babur na sayi inji, ba taki ba mai, kuma babu kuɗin cefane. In kuwa agogon ya yi abin da Alhaji ya ce, zan sayi inji, in noma gonata, in maido babur. Ban kira Alhaji ba, don ina tsoron ya tsallake ni ya je ya saya da kansa. Na sayar da babur na sayi agogon, ban kuma gaya wa Dije ba sai da ta ga na dawo gida a ƙasa.

Mu nan ba a kai abu kasuwa da dauɗa. Rago ana yi masa wanka, babur ana goge shi da mai, shinkafa ana sheƙe ta. Wanda ya kai kaya da datti ya raina mai saye, kuma ya karya wa kansa farashi. Da wannan tarbiyya na nufi teburin Malam Bawa mai gyaran agogo a kasuwar Bagudo. Dattijon ya buɗe bayan, ya duba, ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa ganin inji mai kyan wannan ba. Ya wanke shi ƙusa-ƙusa, ya ɗiga masa mai, agogo ya tashi yana bugawa.

"Sahabi, ni dai inji na sani," in ji shi. "Ga shi ya tashi. Ka kai shi hakanan."

"Haba Malam, in kai ma Alhaji wanga abu awa an tono shi ga juji? A gyara shi shi koma sabo."

Ni na matsa. Ni na kai jikin wurin maƙerin azurfa ya goge shi a dutse har zanen ya ɓace, har wasu 'yan lambobi da ke gefe suka shafe. Ni na sa aka canza gilashi, aka cire tsofaffin hannayen da suka dushe aka sa masu walƙiya. Fuskar nan mai ruwan shayi, a gabana aka kankare ta aka fesa mata farin fenti, wani mai rubuta allon shaguna ya sake zana sunan. Ranar da aka gama na kai gida, Dije ta yi guɗa a hankali don kada maƙwabta su ji. Rabona da farin ciki irin wannan tun kafin ruwa.

Alhaji ya karɓe ni da fara'a a shagonsa. Ya sa ɗan madubi a ido ya duƙa. Na ga fara'ar tana sauka.

"Wa at taɓa huskar?"

Na ce ni ne, da alfahari. Ya ajiye madubin ya dafe kai. Ya ce masu sayen irin wannan tsufan suke saye. Ja-jan nan da zanen nan da lambobin nan, su ne shaidar cewa na asali ne. Yanzu in ya kai, za a ce jabu ne aka sa wa tsohon inji, kuma ba shi da abin da zai nuna ya ƙaryata. Abin da ya taya ko taya biyu na babur ba zai saya ba, shi ma don tausayi.

Na roƙe shi. Ban ji kunya ba, na durƙusa a gaban yaran shagonsa, na rantse masa da hannuna na ɗauko shi yana ja-ja, na ce a kira Malam Bawa ya shaida. Ya ce ya yarda da ni, amma ba shi ne mai sayen ƙarshe ba. Washegari na koma Bagudo na tone ƙasar da ke ƙarƙashin teburin Malam Bawa da yatsuna ina neman tsofaffin hannayen, mutane suna kallona kamar na zare. Na samu ɗaya, ya lanƙwashe. Fentin da aka kankare kuwa, wa zan tambaya?

A cikin motar dawowa Kaoje ne na ji muryar Kaka, wagga ƙwaryar kasuwa ta. Sai a ranar na gane ba maganar bin umarnin uwa take mana ba. Ta-Kogi ba muguwa ba ce, ba kuma malalaciya ba, aiki ta yi tuƙuru, da kyakkyawar niyya, don kunyar a gan ta da tsohon abu. Talaka yana tsoron a raina shi, sai ya goge abin da shi kaɗai ne zai sa a yarda da shi. Da can ina jin haushin tsohuwar makauniya. Yanzu na san ita ma tana da bakunan da take ciyarwa.

Ban sayar wa Alhaji ba, zuciyata ta kasa. Baffa ya ba Malam Iro maƙwabcinmu aron gonar, shi yana da inji. Satin nan aka fara dashe, kuma Malam Iro ya yi mini kirki, ya ɗauke ni cikin 'yan ƙwadago. Agogon yana hannuna na hagu, na ɗaure shi da leda saboda laka, ko minti ɗaya ba ya kuskurewa. In rana ta take, sai in ji wani daga can ƙarshen kunya ya ɗaga murya: "Sahabi, Azahar ta yi?" Sai in miƙe a tsakiyar gonar mahaifina in duba in faɗa musu.