Na Kai Kwandon Tumatir Gaban Masu Ilimin Taurari

Mun tashi da asuba daga Bunkure, mu matan ajin yaƙi da jahilci, a wata tsohuwar bas da ƙofarta sai an ɗaure da igiya. Wata jami'a a cikin birni ce ta gayyaci makarantu kallon hotunan sararin sama. Tun kafin mu hau, malaminmu ya ja mana kunne. Ya ce da ƙyar aka sa sunanmu, idan muka yi abin kunya ba za a sake kiran ajin manya ba, don haka mu yi shiru. Ni kuwa ban koyi karatu da furfura don in je in yi shiru ba.

Daga Kura hanya ta cika da motocin tumatir, kwanduna har sama, ruwa na ɗiga a kwalta. Masu ban ruwa sun riga sun shiga gonaki. Muka tsaya muka sayi ƙosai, ya yi tsada ya kuma ƙanƙance, ɗaya bai fi goro ba. Wajen Kumbotso cunkoso ya riƙe mu har rana ta ɗaga.

A zauren taron jami'ar aka ajiye mu a layin baya, ɗaliban sakandare a gaba. Wata malama mai gilashi ta haska hoto a bango, baƙi ƙirin da ɗigo-ɗigon haske. Ta ce kowane ɗigo gungun taurari ne mai nisan gaske, kuma masu tsananin haske sun fi taruwa kusa da juna, masu dushi-dushi sun fi warwatsuwa.

Na ɗaga hannu. Malaminmu ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Malama, ni tumatir nake nomawa. In za mu cika kwando, manya jajaye muke jerawa a sama, ƙanana na ƙasa. Wanda ya leƙa daga nesa sai ya rantse duk manya ne. Ku kun zazzage kwandon nan kun ga ƙasansa, ko saman kawai kuke gani?"

Yara suka kwashe da dariya. Malamar ba ta yi ba. Ta ce, "Mama, wannan ita ce wahalar aikinmu. Daga nesa masu haske kaɗai ke bayyana, shi ya sa muke gwada waɗanda nisansu ɗaya, muna kuma neman madubin hangen nesa da ya fi ƙarfi. Har yanzu ba mu kai ƙasan kwandon ba." Ta sa aka dawo da mu layin gaba, ta ce baɗi ajinmu za ta fara rubutawa cikin waɗanda za a gayyata.

A hanyar dawowa malaminmu ya saya mana rake da kuɗinsa.

Mun iso gida bayan la'asar. Abin da na koyo shi ne masu digiri ma saman kwando suke gani, sai dai su ba sa ɓoye hakan. Washegari na cika kwandona, na jera manyan a sama kamar kullum. Da mai saye ya zo, na ce masa, "Alhaji, zura hannu har ƙasa kafin ka taya."