Kwamfuta Ba Ta Jin Kiran La'asar

"Malam Bello, La'asar ɗin nan taka, ƙarfe nawa ce?"

Tambayar da Injiniya Rukayya ta tare ni da ita ke nan yau a ofishinmu na Gusau. Ni ke tsara abin da manhajarmu za ta yi, injiniyoyinmu kuma su gina ta. Na rubuta musu cewa saƙon farashin hatsi ya riƙa isa wayoyin manoman Bilbis da Wonaka "bayan La'asar".

Na ce, "Haba, wa bai san La'asar ba?"

Ta ce, "Kwamfuta. Ba ta jin ladan. In ba ka faɗa mata lokaci ba, saƙon ba zai tafi ba sam."

Sai ta jawo min kujera, ta nuna min layi ɗaya a rubutun nan nasu na umartar kwamfuta da kullum nake tsoro. Da hannuna na sa biyar saura kwata, muka gwada da lambata.

Lokacin na cika, wayata ta yi ƙara. Wallahi sai da na yi tsalle!

Shekara biyu ina ƙorafin yawan tambayarsu, ashe ni ne ba na ƙarasa magana. Ku fa, wace tambaya ce ta taɓa kama ku haka?