Bututu na biyu

Hannuna na cikin roba lokacin da ƙanena ya kira daga ƙauye. Na maƙale wayar a kafaɗa. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika bayan azahar." Na ce to. Ban cire hannun ba, don abin da ke cikin robar ba a son ya sha iska.

Fatar injin tace ruwa nake wankewa. Maigidana ne ya sayo injin daga Damagaram, saboda ruwan unguwarmu a Tanut gishiri-gishiri ne, yana barin fari a gindin tukunya. Fatar ita ce zuciyar injin, a nannaɗe take kamar ƙaramar tabarma cikin farin gwangwani. Bututu biyu ke fita daga gare ta. Na farko yana kawo ruwa mai daɗi. Na biyu yana zubar da abin da fatar ta ƙi, ruwan da gishirinsa ya ninka, muna tara shi a bido, wato jarka, don wanki da awaki.

Baba ya zo wurinmu da rani, ƙafafunsa a kumbure. A likita an ce ya rage gishiri, har na ruwan sha. Shi ya sa ƙanena ya ɗauko shi daga ƙauyenmu na gefen Belbeji, ya ce gidan Yaya akwai inji.

A lokacin fatar ta fara toshewa. Bututu na farko ya koma ɗiga, yini guda bai cika tulu ba. Mai gyara ya nuna mini yadda ake yi: a rufe famfo, a kwance murfi, a zaro ta a hankali, a jiƙa cikin ruwa mai ɗumi da garin tsami, a ɗauraye, a mayar, a zubar da ruwan farko. Aikin rabin yini ne. Garin tsamin yana ajiye kan kantar ɗaki, cikin leda. Kullum ina cewa gobe.

Maigidana ya raba ruwan. Ya ce na tulu nasa ne da yara. Na ce Baba fa? Ya ce, "Tsohon da ya shekara saba'in yana shan rijiyar kanwa, yau ne cikinsa zai zama na Bature? Ba shi na bido, ba zai gane ba."

Ni na zuba. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Na cika masa ƙwarya daga bido, na durƙusa na miƙa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "Uwata, ashe injin naku ya san garinmu. Ɗanɗanon rijiyarmu sak." Ya yi dariya, ya shanye. Makonni ya yi yana sha. Bai taɓa kallon tulun ba, ko da yara suna ɗiba a gabansa.

Da damina ta kusa ya ce zai je ya ga shuka. Na ce ya jira in wanke fatar. Ya ce in na wanke in aiko, zai dawo. Takalminsa bai shiga ƙafarsa ba, a hannu ya riƙe shi har tasha.

Ban san ko ruwan ne ya kashe shi ba. Na tambayi ma'aikaciyar likita, ta ce Allah ne masani. Abin da na sani, ranar da na buɗe ledar garin tsamin ita ce ranar da aka kira ni.

Maigidana ya shigo ya same ni a tsugunne. Na gaya masa. Ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙan Baba. Sai ya leƙa robar ya ce, "Ki ƙarasa kafin mu kama hanya. In ta bushe ta lalace, kin ji abin da mai gyara ya ce."

Na tashi na ɗauki mayafina.

Da muka dawo bayan sadakar bakwai, ruwan robar ya ƙafe, fatar ta yi fari ta ƙandare. Maigidana ya sayo sabuwa, bututu na farko yana zuba sosai yanzu. Tsohuwar tana bayan randa, cikin robarta. Ban ɗauraye ta ba.